Matasa Nawa? A Nuna Mana Tiyar Da Aka Yi Awo

Tun kafin mu yi nisa mun san akwai masu cewa me ya haɗa kifi da kaska, nan zauren marubuta ne ko ajin kwamfuta? Ku daure ku kai ƙarshe, in ya so sai ku yi mana raddi, fili a buɗe yake.

Akwai wata jimla da ta zame mana gishirin miya: "Alƙaluma sun nuna cewa yawancinsu matasa ne." Masu zaman kashe wando, yawancinsu matasa ne. Masu shaye-shaye, yawancinsu matasa ne. Masu bin hanyar Agadas su keta hamada, yawancinsu matasa ne. Mun rubuta ta a muƙala, mun sa ta a bakin jarumin labari, mun karanta ta a taro an tafa mana. To amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa dakatawa suka ce wa ya ƙirga? Daga shekara nawa zuwa nawa ya kira mutum matashi? Waɗanda bai san shekarunsu ba, ina ya kai su?

Mu da muka bi ta foliteknik muka ɗan taɓa karatun kwamfuta mun leƙa madafar da ake girka waɗannan alƙaluma, kuma abin da muka gani ya isa ya rage wa mutum zumuɗin cin tuwon. Duk jadawalin da kuka gani a rahoto, mai cewa 'yan shekara kaza zuwa kaza mutum kaza ne, wani ɗan'adam ne ya zauna ya rubuta layuka goma sha wani abu, ya miƙa wa na'ura, ita kuma ta amayo masa amsa. Matsayarmu ɗaya ce. Wanda ya rubuta waɗannan layuka da ganganci ya tauye mudu. Wanda ya sa hannu a rahoton bai duba ba ya kama masa. Mu kuma da muke kwasar adadin mu baza a duniya ba tambaya, mu ne 'yan tallansa.

YADDA AKE AWON

Rumbun bayanai kamar babban littafin rajista ne da ke cikin kwamfuta. Kowane mutum da layinsa, kowane layi da gurabensa: suna, jinsi, gari, ranar haihuwa. Asibiti yana da shi, makaranta tana da shi, banki da hukumar katin ɗan ƙasa duk suna da shi. In kana son rumbun ya faɗa maka wani abu, sai ka rubuta masa tambaya da wani harshe da ake kira SQL. Harshen ya girmi dukkanmu. A 1970 Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM, ya fitar da tsarin ajiye bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna. A 1974 wasu ma'aikatan kamfanin biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka gabatar da harshen da ya rikiɗe ya zama SQL. A 1986 aka yi masa ƙa'ida ta bai-ɗaya a Amurka. Saboda haka kada wani ya fake da cewa abin baƙo ne, ana kan koyo.

Ga yadda tambayar take in an rubuta ta a manhajar MySQL, a ce jadawalin mambobin wata ƙungiya ne, kuma an riga an lissafa shekarun kowa:

SELECT
  CASE
    WHEN shekaru IS NULL THEN 'ba a sani ba'
    WHEN shekaru < 18 THEN 'kasa da 18'
    WHEN shekaru < 36 THEN '18 zuwa 35'
    WHEN shekaru < 60 THEN '36 zuwa 59'
    ELSE '60 zuwa sama'
  END AS rukuni,
  COUNT(*) AS adadi
FROM mambobi
GROUP BY rukuni;

Kada kalmomin su tsorata ku. Abin da aka ce wa na'ura shi ne: ɗauki kowane mutum, duba shekarunsa, jefa shi a kwando na farko da ya dace da shi, in kin gama ki ƙirga mana abin da ke cikin kowane kwando. Iyakarsa ke nan. Layuka 11 ne, ba su kai tsawon sakin layi guda na gajeren labari ba, amma kusan kowane ɗaya daga cikinsu akwai ramin da mutane ke faɗawa. Bari mu bi su.

TA'ASA TA FARKO: RAJISTAR DA BA A TSUFA A CIKINTA

Tun daga fom ɓarnar take farawa. Sai a buga fom a sa gurbi a rubuta "Shekaru", mutum ya cike 24, a shigar da 24 cikin rumbu, shi ke nan ya daskare a nan. Shekaru kuwa tafiya suke yi ko kana barci.

Mun ga wannan da idonmu a wata ƙungiya da muke ciki. An nemi mu fitar da rahoton mambobi bisa rukunin shekaru, za a kai wa wasu masu son tallafa wa matasa. Muka buɗe rajista muka tarar da wata 'yar'uwa da ta shigo tana budurwa, yanzu 'yarta tana firamare, amma a rumbu har gobe shekarunta na ranar da ta cike fom ne. Tun da aka buɗe rajistar nan babu wanda ya ƙara ko wata ɗaya. Da mun miƙa rahoton haka, da mun yi ƙarya da hatimin ƙungiya a kanta, kuma abin takaicin babu wanda zai kama mu.

Ƙa'idar gajeriya ce: ranar haihuwa ake ajiyewa, shekaru lissafa su ake yi duk lokacin da aka buƙace su. In kuwa mutum shekarunsa kawai zai iya faɗa, to a rubuta ranar da ya faɗa a gefe, don gobe a san nawa za a ƙara.

TA BIYU: LISSAFIN MALALACI

Malalacin mai rubuta tambaya yakan ɗauki shekarar da ake ciki ya cire shekarar haihuwa, ya kaɗe hannu. Mu ƙaddara an haifi yarinya ranar 20 ga Disamba 2006, ana haɗa rahoto ranar 30 ga Yuni 2024. A lissafinsa, 2024 a cire 2006 saura 18, ta shiga sahun manya. Alhali shekarunta 17 da wata shida, kuma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne. Ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Duk wanda ranar haihuwarsa ba ta zagayo ba tukuna an yi masa ƙarin shekara guda, kuma duk wanda yake bakin iyaka ya tsallaka gidan da ba nasa ba.

Na'urar ma tana da nata tarkon. A manhajar SQL Server ta kamfanin Microsoft akwai umarnin DATEDIFF. In ka ce ya ba ka tazarar shekaru, sau nawa aka tsallaka 1 ga Janairu yake ƙirgawa. Jaririn da aka haifa 31 ga Disamba, washegari zai ce maka shekararsa ɗaya, alhali ko suna ba a yi ba. A MySQL kuwa umarnin TIMESTAMPDIFF cikakkun shekaru yake ba ka. Sunaye masu kama da juna, aiki daban. Wanda ya kwafo tambayarsa daga intanet ya liƙa bai gwada ba, ta ina zai sani? Wasu kuma sai su ƙirga kwanaki su raba da 365, su manta da shekarun da Fabrairu ke kaiwa 29, sai yaro ya cika 18 kwana huɗu ko biyar kafin ranarsa.

Sannan akwai tambayar da ba a cika yi ba: shekarunsa a wace rana? Da yawa suna barin tambayar ta yi aiki da ranar da kwamfuta take nunawa yau. Rahoton watan Maris, in aka sake gudanar da shi a Agusta, sai ya ba da wani adadi daban, a tsaya ana kallon-kallo a ofis, kowa yana zargin ɗan'uwansa da taɓa rumbu. Babu wanda ya taɓa komai, mutane ne suka girma. Ku ɗauki asibiti. Yaron da aka kawo da ƙyanda yana ɗan wata goma, a rukunin 'yan ƙasa da shekara ɗaya ya kamata ya zauna har abada a wannan rahoto, domin shekarunsa na ranar da aka duba shi ake nufi. In aka auna shi da ranar yau, baɗi zai koma wani rukuni, tarihin cutar ya sauya a takarda.

TA UKU: ƊAN 25 NA WANE GIDA NE?

Kun sha ganin jadawali irin wannan: 18 zuwa 25, 25 zuwa 35, 35 zuwa 50. To ɗan shekara 25 cif, na wane gida ne? A SQL kalmar BETWEEN tana haɗawa da bakin farko da na ƙarshe duka. In an ƙirga kowane rukuni da tambayarsa daban, ɗan 25 zai fito sau biyu, ɗan 35 ma haka, sai jimilla ta zarce yawan mutanen da ke rajistar. In kuma an yi da CASE kamar yadda muka nuna a sama, zai faɗa kwando na farko da ya karɓe shi, mai karanta rahoto kuwa ba zai san wanne ba ne. Akwai kishiyar wannan: a yi rukunin "ƙasa da 18" da rukunin "sama da 18". Ɗan 18 ɗin fa? Ya faɗa tsakani, babu shi a nan, babu shi a can.

Ma'aikatan lafiya sun fi kowa sanin nauyin wannan, shi ya sa ba sa tsayawa ga "'yan ƙasa da shekara biyar" kawai, sukan rubuta wata 0 zuwa 59. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa yara da damina a jihohin Arewa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 saboda yankin Sahel, an tsara shi ne ga 'yan wata 3 zuwa 59. Sun faɗi inda aka fara, sun faɗi inda aka tsaya, babu ƙofar gardama. Da irin wannan ƙidaya ake lissafin abin da za a tura kowane gari. Iyaka in ta goce, a jikin yaro ake ji.

TA HUƊU: WAƊANDA BA A SAN SHEKARUNSU BA

Wannan ce ta fi ci mana rai, domin ta fi shafar mutanenmu. Iyayenmu da kakanninmu da yawa ba su da takardar haihuwa. A rumbu gurbinsu wayam yake, abin da SQL ke kira NULL. Ku koma ku dubi tambayar da muka kawo. In aka cire layin nan na 'ba a sani ba', me zai faru da wanda ba shi da shekaru? Na'ura za ta gwada shi da 18, ta ga babu amsa, ta gwada shi da 36 da 60, babu amsa, sai ta tura shi kwandon ƙarshe na ELSE. Wato duk wanda ba a san shekarunsa ba ya zama tsoho ɗan 60 zuwa sama, ko da jariri ne a goye. Gobe sai rahoto ya fito yana cewa tsofaffi sun yi yawa a unguwa kaza.

Wani kuma sai ya tace su ya zubar gaba ɗaya don jadawalinsa ya yi tsaf. Ko ya ce na'ura ta ƙirga gurbin shekaru maimakon ta ƙirga layuka, ita kuwa in an ce ta ƙirga gurbi, tsallake wayam take yi ba ta faɗa maka ba. Su wa aka zubar? Talakan ƙauye, tsohuwar da ba ta yi boko ba, almajiri, ɗan gudun hijira. Waɗanda suka fi kowa buƙatar a san da su, su ne farkon waɗanda tambaya ke sharewa.

Akwai kuma ranakun bogi. A SQL Server in aka cusa rubutun da babu komai a gurbin kwanan wata, sai ya koma 1 ga Janairu 1900, mutum ya tashi da shekara fiye da 120. Ma'aikacin da aka matsa wa sai ya cike gurbi yakan sa wa kowa 1 ga Janairu, har ka ɗauka duk garin rana ɗaya aka haife su. Ga rikicin rubuta kwanan wata: mu rana muke farawa da ita, Amurkawa wata suke farawa da shi, saboda haka 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a manhajar da aka saita da tsarinsu 4 ga Maris ne.

Ko waɗanda suka faɗi shekarun ma, ai kun san halinmu. Ka tambayi mutum zai ce 30, ko 40, ko 45, da wuya ka ji 37 ko 43. Masana ƙidaya sun san da wannan tun tuni, har suna da ma'auninsa, wanda ake kira da sunan George Whipple: a dubi 'yan shekara 23 zuwa 62, a ga nawa ne suka taru a lambobin da suka ƙare da 0 ko 5. In ma'aunin ya nuna 100 babu cunkoso, in ya kai 500 kowa da kowa can ya taru. Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda iyakokin rukuni su ma a kan 0 da 5 ake yawan dasa su. In jama'a sun yi dandazo a kan 35, to shawarar sa 35 a kwandon matasa ko a na gaba ita kaɗai ta isa ta juya labarin rahoton.

Mai tattara bayanai na gari ba ya gajiya da tambaya. Magidanci ya ce masa ina goye aka koma tuƙi ta hannun dama, ya san 1972 ake nufi. Ya ce shekarar da aka canza kuɗi, sai ya tambaye shi wane canjin, na zuwan naira a 1973 ko na 1984? Ya ce lokacin Udoji, ya san 1974 ce. In mutum da lissafin Hijira yake ƙirga shekarunsa, ya tuna cewa shekarar kwana 354 ko 355 ce, duk shekara 33 ta Miladiyya kusan 34 ce ta Hijira. Abin da aka samo ta wannan hanya a yi masa alama cewa kintace ne. Abin da ba a samu ba kuwa a bar shi a fili da sunansa: ba a sani ba, mutum kaza. Wannan layi shi ne mutuncin rahoto.

TA BIYAR: ƘANANAN ƁERAYE

GROUP BY ba ya nuna rukunin da babu kowa a ciki. In babu ko mutum ɗaya ɗan ƙasa da 18, layin gaba ɗaya zai ɓace, ba za a rubuta 0 ba. Alhali wani lokaci sifilin nan shi ne babban labari. Makarantar yaƙi da jahilci da babu ko mace ɗaya 'yar 15 zuwa 19, ai abin a tsaya a tambaya ne. Maganinsa a yi wa rukunan jadawalinsu daban, a ɗaura ƙidaya a jikinsa, kowane rukuni ya fito ko da hannu rabbana.

In kuma aka haɗa jadawalin mambobi da na biyan kuɗin wata, wanda ya biya sau uku zai fito sau uku, sai an ce wa na'ura ta ƙirga kowane mutum sau ɗaya. Sannan in aka jera rukunai a matsayin rubutu, "5-9" zai koma bayan "45-49", domin na'ura harafin farko take dubawa. A kwashe a zuba a Excel kuwa, sai ya mayar da "5-9" ɗin kwanan wata. Abin dariya ne har ranar da aka buga shi a littafin da za a raba wa manyan baƙi.

TA SHIDA: WA YA YANKA TIYAR?

A ce duk an kauce wa waɗannan, lissafi ya fita tsaf. Saura babbar tambaya: wa ya ce nan ne iyakar ƙuruciya? Majalisar Ɗinkin Duniya a alƙalumanta 15 zuwa 24 take kira matasa. Yarjejeniyar matasan Afirka da aka amince da ita a Banjul a 2006 ta ce 15 zuwa 35. Manufar matasa ta Najeriya ta 2009 ta ce 18 zuwa 35, wadda aka sabunta a 2019 ta ce 15 zuwa 29. Ɗan shekara 32 matashi ne a tiya biyu, ba matashi ba ne a sauran biyun. Ɗan 16 matashi ne a tiya uku, a dokar 2003 kuma yaro ne. Rumbu ɗaya, mutane ɗaya, amsa huɗu, kuma kowacce za a iya kare ta.

Nan ne mai wayo yake cin kasuwarsa. In yana son ya nuna shirinsa ya amfani matasa, sai ya faɗaɗa kwandon zuwa 35 ko 40. In yana son matsalar ta yi ƙanƙanta, sai ya tsuke shi. Ku riƙa duba faɗin kwandunan ma. Rukunin 18 zuwa 35 shekaru 18 ya ɗauka, na 36 zuwa 45 kuwa 10 kacal. In na farko ya fi yawa, mene ne abin mamaki? Wanda ya auna gero da tiya, ya auna dawa da gwangwanin madara, sannan ya ce gero ya fi auki, a kasuwar Dawanau ko yaro ba zai saurare shi ba. Amma a rahoto mai bango mai sheƙi sai mu ce masa sannu da aiki.

Iyakar shekaru kuwa a ƙasar nan abinci ce da muƙami. Da 18 ake yin rajistar zaɓe. Wanda ya haura 30 lokacin da ya kammala karatu ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya in ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki. A 2018 aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Ko'ina ka duba lamba ɗaya ce ke raba mai samu da mai rasawa. Ta yaya za a ce wanda ke rubuta layin da ke yanke wannan hukunci a rumbu ya yi shi da gyangyaɗi?

MASU CEWA MUN CIKA TSANANI

Za a ce ai kwamfuta ba ta ƙarya. Gaskiya ne, ba ta kuma yi maka gyara. Abin da ka ce ta yi shi take yi, da sauri, da fuska a sake. Tambayar da aka rubuta a karkace ba ta kawo saƙon kuskure, jadawali take kawowa mai kyan gani. Wannan ne haɗarinta.

Za a ce bambancin mutum biyu ko uku me zai rage? A rajistar ƙungiya mai mutum 200 wataƙila biyu ko uku ne. A rumbun jiha ko na ƙasa, inda layuka suke miliyoyi, wannan ɗan kuskuren garuruwa ne. Kuma ko mutum ɗaya ne, in kai ne aka cire daga jerin masu karɓar tallafi saboda an ƙara maka wata shida, za ka ce ba komai?

Za a ce oga yana jira, babu lokaci. Gwajin da zai tona rabin waɗannan kurakurai bai kai minti biyar ba: haɗa adadin duk rukunai, ka gwada da yawan layukan rumbun. In ba su zo ɗaya ba, akwai wanda aka zubar ko aka maimaita. Wanda bai da minti biyar na wannan, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Za a ce mu marubuta ne, ina ruwanmu? Ruwanmu ya kai har wuya. Mai rubuta tambaya mutum goma ne za su ga aikinsa, mu kuwa dubbai ne suke karanta mu. Ta bakinmu adadin yake shiga gari, ya shiga rediyo, ya shiga muhawarar 'yan makaranta, ya zama abin da kowa ya sani. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai. Duk adadin jama'ar ƙasa da ake ambata yau hasashe ne aka ɗora a kanta. Sau nawa muka faɗa wa masu karatunmu haka?

ABIN DA MUKE NEMA

Ga masu rubuta tambaya, 'yan'uwanmu da muka zauna aji ɗaya da su: ku ajiye ranar haihuwa. Ku tsayar da rana guda da ake auna kowa da ita, ku rubuta ta a saman rahoto. Ku sa iyakokin da ba sa hawa kan juna kuma ba sa barin rami. Ku ba waɗanda ba a sani ba layinsu. Kafin ku saki aiki ku gwada shi da mutum huɗu na gwaji: wanda ya cika shekara jiya, wanda zai cika gobe, wanda aka haifa 29 ga Fabrairu, da wanda gurbinsa wayam ne. In tambayarku ta sa kowannensu a gidansa, to ku miƙa.

Ga shugabannin da ke sa hannu: kada ku sa hannu a jadawalin da babu jimilla a ƙasansa, babu ranar awo a samansa. Ku ce a kawo muku tambayar a karanta muku ita da Hausa layi bayan layi. Wanda ya kasa fassara abin da ya rubuta bai san abin da ya rubuta ba.

Ga mu kanmu: daga yau kada wani a zauren nan ya sake rubuta "yawancinsu matasa ne" sai ya iya faɗin daga nawa zuwa nawa, wa ya ƙirga, a wace shekara. In ka samu, ka rubuta shi a cikin jimlar, ba zai ci maka kalma goma ba. In ba ka samu ba, ka rubuta abin da idonka ya gani a unguwarku, ka ce ganinka ne. Mai karatu zai fi yarda da kai.

Aikin gida na wannan mako: kowa ya nemo adadi ɗaya da ya taɓa amfani da shi a rubutunsa mai maganar yara, matasa ko tsofaffi, ya bi sawunsa har inda aka faɗi iyakar shekarun. Wanda ya samu ya kawo mana. Wanda ya bi sawu ya ɓace masa a hanya, shi ma ya zo ya faɗa, babu kunya, mu ma mun duba namu tsofaffin rubuce-rubucen mun sunkuyar da kai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya sa mu gyara. Sai mun ji daga gare ku.